Turancin Siyasar Duniya: Kowace Kalma Da Nauyinta

Ɗalibi ko ma'aikacin gwamnati da ke son gane labarun ƙasashen waje yakan ɗauka cewa ƙamus ya ishe shi. Ya ga kalma, ya buɗe ƙamus, ya sami ma'anarta, shi ke nan. To, a fagen siyasar duniya da harkar tsaro abin ya wuce haka. Jakadu da hafsoshi ba sa furta kalma sai sun auna ta, domin kowace tana da hukuncin da ke biye da ita. Mai son koyon wannan Turanci sai ya koyi kalma tare da abin da ya faru har aka zaɓe ta aka bar 'yar'uwarta.

Mu fara da rikicin Kyuba na 1962. Amurka ta gano cewa Tarayyar Sobiyet tana girke makamai masu linzami a tsibirin, wanda tsakaninsa da gaɓar Amurka bai fi kilomita 150 ba. Ran 22 ga Oktoba Shugaba Kennedy ya ba da sanarwar cewa jiragen ruwansa na yaƙi za su tare duk jirgin da ya ɗauko makamai zuwa can. Sunan wannan aiki da Turanci shi ne “blockade”, wato datse hanyar ruwa, amma a dokar ƙasa da ƙasa ana lissafa shi cikin ayyukan yaƙi. Saboda haka sai Kennedy ya ari kalmar likitoci, ya ce “quarantine”, wato killace mai cuta. Aikin ɗaya ne, amma sunan ya bar wa Khrushchev ƙofar ja da baya ba tare da an ce an ƙaddamar da yaƙi a kansa ba. Ran 28 ga watan ya yarda ya kwashe makaman.

Haka nan Bahaushe yakan ce “an tsagaita wuta” ga abubuwa uku da Turanci ya rarrabe. “Ceasefire” dakatar da harbi ne, ko da na kwana ɗaya. “Armistice” yarjejeniya ce da hafsoshi ke sa wa hannu don tsai da faɗa baki ɗaya. “Peace treaty” kuwa ita ce sulhun da gwamnatoci ke ƙullawa, wanda ke kashe yaƙi a idon doka. Abin da aka sa wa hannu a Panmunjom ran 27 ga Yuli 1953 na biyun ne, kuma har yau ba a ƙulla na ukun ba tsakanin Koriya ta Arewa da ta Kudu. Wanda ya fassara su da kalma ɗaya ba zai gane dalilin da ya sa sojoji ke jibge a wannan iyaka fiye da shekara saba'in ba.

Wani lokaci ma rigimar ba ta kai girman kalma sosai ba. Bayan yaƙin kwana shida na 1967, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 242 ran 22 ga Nuwamba, wanda jakadan Ingila, Lord Caradon, ya gabatar. Nassin Turanci ya nemi Isira'ila ta janye daga “territories” da ta mamaye, ba a sa ɗan harafin nan “the” a gaba ba. Isira'ila ta ce ma'anar ita ce ta janye daga wasu yankuna. Ƙasashen Larabawa suka ce daga dukkansu ne, suna kafa hujja da nassin Faransanci. Haruffa uku ke nan da yaro ke koya a firamare, amma an shafe shekaru ana ja-in-ja a kansu.

Mu ma a Nijeriya mun ɗanɗana. A farkon Janairu 1967 shugabannin soja suka gana a Aburi ta ƙasar Ghana. Laftanar-Kanar Ojukwu ya koma Inugu da fahimtar cewa an amince da tsari mai kama da “confederation”, wato ƙawancen jihohi masu cin gashin kansu, inda gwamnatin tsakiya ba ta zartar da kome sai da yardarsu. Da manyan sakatarorin gwamnatin tarayya a Ikko suka nazarci takardun, sai suka nuna wa Gowon cewa hakan zai rushe “federation”, wato tarayyar da tsakiya ke riƙe da soja da harkokin waje. Bambancin kalmomin biyu haruffa uku ne kacal. Da faɗa ya ɓarke a watan Yuli, gwamnati ta fara kiransa “police action”, wato aikin 'yan sanda na kama masu tawaye, don nuna wa duniya cewa al'amarin cikin gida ne. Bai ƙare ba sai Janairu 1970.

Akwai kuma kalmar da ake gudu saboda nauyin da take ɗora wa mai furta ta. Wani lauya ɗan ƙasar Polan, Raphael Lemkin, ya ƙirƙiro “genocide” a 1944, wato kisan ƙare dangi, kuma yarjejeniyar 1948 ta wajabta wa ƙasashen da suka sa hannu su hana shi. Shi ya sa a 1994, ana tsakiyar kisan Ruwanda, jami'an Amurka suka yi makonni suna kewaye-kewaye ba su ambaci kalmar kai tsaye ba. Haka Rasha ta kira shigarta Yukren a 2022 aikin soja na musamman, ta ƙi cewa yaƙi.

To, yaya mai karatu zai ɓullo wa wannan fage? Da farko, ya tanadi littafi na musamman. Duk kalmar da ya tsinta ya rubuta ta da ma'anarta, da 'yan'uwanta na kusa, da rikicin da aka yi amfani da ita, da shekara. Na biyu, ya saurari labarun Hausa a rediyo, sa'an nan ya nemi labarin da Turanci, ya kwatanta. Nan zai ga gwanintar tafintocinmu, waɗanda suka mai da “veto” hawa kujerar na ƙi. Na uku, ya karanta kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, mai babi 19 da sashe 111. Zai yi mamaki ya tarar ita kanta “veto” ba ta ciki. Sashe na 27 cewa ya yi sai da ƙuri'a tara, ciki har da amincewar ƙasashe biyar masu kujerar dindindin.

Daga ƙarshe, ya saba da yi wa kansa tambaya biyu: wa ya zaɓi wannan kalma, kuma wace ya ƙi ɗauka? Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rattaba wa hannu da sunan ƙasa. Akawun da ke tsara wa Babban Sakatare takarda yau, gobe yana iya zama shi ne a teburin shawara.