Binciken Dawo da Tafiya Bayan Raunin Laka

Laka, wato jijiyar da ke cikin ƙashin baya, ita ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu, saboda haka idan ta ji rauni ƙafafun kan shanye, alhali jijiyoyin da ke ƙasa da raunin suna nan da ransu. Wannan ne tushen binciken Grégoire Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch a birnin Lozan na Siwizalan, waɗanda a 2018 suka bayyana yadda majinyata uku suka sake takawa bayan an dasa musu na'urar da ke zaburar da laka da lantarki daidai lokacin ɗaga ƙafa. Sai dai jan aikin yana cikin watannin atisaye, majinyaci na rataye da ɗamarar da ke rage masa nauyin jiki, masu bincike kuma na auna kowane taku.