Ɗan Katin da ke Haɗa Kwamfuta da Intanet

Sau da yawa malamin makaranta a Kebbe ko Tambuwal yakan sayi tsohuwar kwamfutar cinya, ya jona ta da wayarsa, ya tarar intanet na tafiyar hawainiya. Kafin ya fid da rai, ya kamata ya binciki wani ɗan kati da ke cikinta, mai girman kan sarki, wanda shi ne kunnenta da bakinta.

Yawancin tsofaffin katunan zangon gigahaz 2.4 kaɗai suke ji, alhali na tsarin 2013 suna jin zangon 5, mai sauri. Ana iya sauya katin: a cire batir, a kwance noti, a zare siraran wayoyin eriya a hankali. Da hunturu, sai a fara taɓa ƙarfe, domin busasshiyar iska na tara lantarki a jikin mutum, wanda kan lalata katin.

Sai dai kamar yadda jiki kan ƙi ƙodar da aka dasa masa, wasu kwamfutocin ba sa karɓar baƙon kati. Saboda haka a tabbatar da dacewarsa kafin a biya kuɗi. Kuma in layin waya ne ya raunana, sabon kati ba zai yi magani ba.