Aikin katako: kujerar farko ta mai koyo

1. Masassaƙi da kafinta

A ƙasar Maraɗi, masu aikin icce iri biyu ne: masassaƙi da kafinta.

Masassaƙi shi ne na farko. Tun zamanin kakanni yake aikinsa. Kayan aikinsa gatari da gizago. Yana ɗaukar gungume guda, ya sare, ya rarake, har ya fid da abin da yake so. Shi ke yin turmi da taɓarya, da akushi, da allo, da ƙotar hauya, da ƴar kujerar nan da mata ke zama kanta wurin girki. Ba ya aiki da ƙusa. Duk abin da ya sassaƙa daga icce guda ya fito. A kasuwar Maraɗi, da kasuwannin Tibiri da Jiratawa, har yau ana samun kayan masassaƙa.

Kafinta daga baya ya zo, a zamanin Turawa. Shi da katako yake aiki, wato iccen da aka tsaga da inji ya zama falle-falle. Yana aunawa, ya yanka, ya haɗa da ƙusa. A shekarar 1945 ruwan Gulbin Maraɗi ya ci tsohon gari, wanda ke cikin fadama. Sai aka sāke gina gari bisa tudu. Sabbin gidaje da kantuna da ofisoshi suna bukatar ƙofofi da tagogi da tabura. Wannan duk aikin kafinta ne.

Sunayen kayan aikin ma suna nuna hanyar da sana'ar ta biyo. Kalmar kafinta daga Ingilishi ta fito, ta shigo ta Nijeriya. Marto da ekar kuwa daga Faransanci aka aro su. Gizago da gatari Hausa ce tsantsa.

2. Daga ina katako ke fitowa?

Manyan itatuwan da ake tsagawa a yi katako ba su cika tsirowa a Nijar ba. Suna son ruwan sama mai yawa. A kurmin kudu suke, kusa da teku. Mafi yawan katakon da ake saidawa a Maraɗi daga Nijeriya manyan motoci ke kawo shi. Hanyar tana da nisa, shi ya sa katako ke da tsada. A Yamai akwai babbar kasuwa da ake kira Katako, sunan wannan haja ne ta ci.

Masu saidawa sun raba shi gida biyu: farin katako da jan katako. Farin katako ba shi da nauyi, yana da taushi, zarto na cin sa da sauƙi, kuma ya fi arha. Aibinsa guda: gara da ƙwari suna son sa. Jan katako ya fi nauyi da ƙarfi da ƙarko, amma ya fi tsada, ya fi wuyar yanka. Mai koyo da farin katako ya kamata ya fara.

Itatuwan gida su ma kowane da amfaninsa. Ƙirya tana da tauri ƙwarai, da ita ake turmi mai daɗewa. Da aduwa ake allo da ƙota. Da giginya ake azarar ɗaki. Maɗaci yana ba da jan katako mai kyau. Dogon yaro, wanda asalinsa daga ƙasar Indiya ne, dangin maɗaci ne, kuma gara ba ta cika damun iccensa ba.

3. Zaɓen katako

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan gaskiya ne ga tarbiyyar yaro. Amma kafinta busasshen icce yake nema.

Dalili shi ne, icce yana shan ruwa, yana kuma fid da shi. Da damina yakan kumbura, da hunturu yakan tsuke. Shi ya sa ƙofar katako ke ƙin rufuwa a watan Agusta, amma a watan Janairu ta rufu ba wahala. In aka haɗa kujera da ɗanyen katako, idan ya bushe sai ya karkace, ƙusoshi su saki, kujera ta riƙa rawa.

Kafin a saya, sai a duba abu huɗu. A ɗaga katakon: ɗanye ya fi busasshe nauyi, yana kuma da sanyi a hannu. A sa ido a bakinsa guda, a hango tsawonsa, a ga ko miƙaƙƙe ne. A duba bakinsa biyu, kada ya zama ya tsage. A nemi ƙananan ramuka masu zubo da gari: in akwai su, ƙwaro na ciki.

In katakon bai gama bushewa ba, a aje shi a inuwa, bisa duwatsu, kada ya taɓa ƙasa. Ba a shanya shi a rana, don rana tana tsaga shi.

4. Kayan aiki

Mai koyo ba ya bukatar inji. Waɗannan sun ishe shi: metir na awo, da fensir, da ekar, da zarto, da marto, da ƙusoshi, da takarda mai yashi ta goge katako.

Ekar ita ke nuna kusurwa madaidaiciya. Wanda ba shi da ita yana iya yin tasa. Ya ɗauki takarda ya ninka ta biyu. Ya sāke ninkawa, ya ɗora layin ninkin farko bisa kansa daidai. Kusurwar da ta fito daidai take da ta ekar.

5. Awo

Abin da ya fi dacewa a fara da shi ƙaramar kujera ce marar majingina. Guntaye biyar gare ta: mazauni guda, ƙafafu biyu, da ƴan katakai biyu na gefe da ke riƙe ƙafafun. Waɗannan biyun su ne ɗamarar kujera.

A sami katako mai faɗin santimetir 25, mai kaurin santimetir 2 da rabi. Ga awon guntayen:

Mazauni: tsawo 40, faɗi 25.
Kowace ƙafa: tsawo 28, faɗi 20.
Kowace ɗamara: tsawo 36, faɗi 7.

Ɗamara biyun daga guntu guda mai tsawon 36 ake tsaga su. Saboda haka tsawon katakon da kujera guda ke ci shi ne 40 + 28 + 28 + 36, wato santimetir 132.

Me ya sa ƙafa ba ta kai mazauni faɗi ba? Don a bar wa ɗamara wuri. Faɗin ƙafa 20, a ƙara kaurin ɗamara biyu, 2 da rabi sau biyu, ya zama 25. Wannan shi ne faɗin mazauni daidai.

Katako mai tsawon metir 4 yana fid da kujera uku, don 132 sau 3 ya zama 396. Saura santimetir 4 ke nan. Su ma ba su rage duka, don duk yanka guda zarto yana cin kamar milimetir 2, ya mai da shi gari. Wanda ya yi kuskuren yanka guda, kujera ta uku ta tafi. Katakon da aka yanke ba ya komawa. Don haka kafinta nagari yakan auna, ya sāke aunawa, kafin ya ɗauki zarto.

6. Yanka

A ja layi da fensir da ekar. Ba a jan layuka duka gaba ɗaya. A ja guda, a yanka, sannan a auna na gaba daga sabon bakin.

A ɗora katakon bisa benci, wani ya danne shi. A fara da jan zarto baya sau biyu ko uku, a hankali, har ya yi ƴar hanya. Sannan a ci gaba. Ba a danna zarto da ƙarfi, haƙoransa ne ke aiki. A bi gefen layi, ta wajen abin da za a yar, don guntun ya fito cikakke. In an kusa ƙarewa, a tallabi guntun da hannu, kada ya faɗi ya ɓalle.

Ƙafafu biyun tilas tsawonsu ya zama ɗaya. A haɗa su a gani. In guda ta ɗara, a rage ta tun yanzu.

Saura abu guda. A gindin kowace ƙafa, a bar santimetir 5 dama, 5 hagu, a yanke tsakiyar da siffar kan mashi, zurfin santimetir 6. Yanzu kujera ta sami dugadugai huɗu. Daɓen ɗaki da tsakar gida ba su cika zama sumul ba. Kujera mai dugadugai huɗu ta fi zama daram bisa irin wannan ƙasa.

7. Haɗawa

Ƙusa mai tsawon santimetir 6 ita ta dace da wannan katako. Gajera ba ta riƙewa. Mai kauri da yawa tana tsaga katako.

A fara da ɗamara. A tsai da ƙafafu biyun. A ɗora ɗamara guda a gefensu, bakinta na sama daidai da kan ƙafafun. Kowace ƙafa ta shiga ciki da santimetir 3 daga ƙarshen ɗamara, don ƙusar da aka buga dab da baki tana tsaga katako. A buga ƙusa biyu ga kowace ƙafa. A juya, a sa ɗamara ta biyu haka nan.

Kafintoci suna da wata dabara. Kafin su buga ƙusa, sukan juya ta su ɗan daki tsininta da marto. Ƙusa mai tsini tana ratsa jijiyoyin icce tana buɗa su, kamar yadda gatari ke faskare. Mai dakakken baki kuwa tana yanke su ta wuce.

Kafin a sa mazauni, a gwada ko aikin ya karkace. A ɗauki zare, a auna daga kusurwa guda zuwa wadda ke fuskantarta a gicciye. A auna ɗaya giciyen. In tsawon biyun ɗaya ne, aiki ya yi daidai. In ba haka ba, a matsa dogon giciyen da hannu har su daidaita.

Sannan a ɗora mazauni, a bar santimetir 2 ya fito a kowane ƙarshe. A buga ƙusa uku cikin kowace ƙafa, biyu cikin kowace ɗamara. A ɗan karkata ƙusoshin, wannan ta nufi dama, waccan ta nufi hagu. Haka sun fi wuyar zarewa. Ƙusoshin kujera duka 18 ne.

Wani mai koyo yakan ce ɗamara ɓarnar katako ce, ya bar ta. Kujerarsa takan yi kyau ranar farko. Amma duk wanda ya zauna yana motsi, ƙafafun suna rangaji, ƙusoshi suna saki kaɗan-kaɗan. Wata rana sai ta baje da mutum a kai. Ɗamara ita ke hana wannan.

Daga ƙarshe a goge ko'ina da takarda mai yashi. A bi tsawon jijiyar katako, kada a gicciya ta. A kashe kaifin gefuna, don kada su yagi tufa ko su ji wa ƙane ciwo. In da hali, a shafa fenti. Kujera ba ta kwana cikin ruwan sama, ba a kuma barin ta wuri guda bisa ƙasa har gara ta same ta.

8. Kiyaye jiki

Yaro ba ya aiki da zarto sai gaban babba. Hannun da ke riƙe katako ya yi nisa da bakin zarto. Ba a aiki ba takalmi. Ba a sa ƙusa a baki. Ba a barin guntun katako mai ƙusa a ƙasa, tsini sama.

In ƙusa ta soki mutum, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a tafi likita ranar nan. Cikin ƙasa da kashin dabbobi akwai ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora, wanda likitoci ke kira tetanos. Ciwo ne mai kisa, amma allurar rigakafi tana kare mutum daga gare shi.

9. Katako icce ne

Duk katako da can icce ne mai rai. Bayan farin shekarun 1973 da 1984, gonaki da yawa a ƙasar Maraɗi sun zama fili fetal. Iska na kwashe ƙasa, mata na tafiya nesa neman makamashi.

A shekarar 1983 wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi, ya lura da wani abu. Kututturan da aka sare ba su mutu ba, saiwoyinsu na nan da rai cikin ƙasa, kowace shekara suna toho. Manoma suka fara barin toho mafi ƙarfi ga kowane kututture, suna rage sauran. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kamar miliyan 200 suka tashi cikin gonakin kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Doka ma tana kare itatuwa. Akwai waɗanda ba a sara sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kamar gawo. Kuma tun shekarar 1975, ranar 3 ga Agusta ita ce ranar dashen itatuwa a Nijar.

Mai koyon aikin katako yana da nasa rabo cikin wannan. Ba ya ɓarna. Guntayen da suka rage yakan aje su don wani aiki, garin katako kuma ya kai shi madafa ko ramin taki. Kujerar da aka haɗa da kyau tana shekaru ana zama kanta, daga wa zuwa ƙane.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin aikin masassaƙi da na kafinta?
2. Don me ƙofar katako ke ƙin rufuwa da damina?
3. Wane amfani ɗamara ke yi wa kujera?
4. Me ake yi in ƙusa ta soki mutum?
5. Mene ne sassaben zamani?

Lissafi

Aji yana da ɗalibai 45. Kowane yana son kujera guda. Katako nawa mai tsawon metir 4 za a saya? Ƙusa nawa ake bukata?

Aiki

A ziyarci masassaƙi ko kafinta na unguwa. A tambaye shi sunayen kayan aikinsa, a rubuta su da Hausa da Faransanci, a zana hoton kowane.