Kalangu a Rataye, Waƙa a Memori

A Kano, inda nake zaune, ita waƙa ce ke bin mutum har inda yake. Ka shiga Adaidaita Sahu daga Ƙofar Nasarawa zuwa Zoo Road, kafin ka sauka ka sha Hamisu Breaker, ka sha Ado Gwanja, mai shayin bakin titi kuma ya tarbe ka da Nura M. Inuwa. Na saba da wannan har na daina lura. Wani ɗan acaɓa ne a Tsiga, ta ƙaramar hukumar Bakori, ya sa na sake buɗe kunnena.

Na raka wani abokina ne ɗan garin, ya je ɗauko masarar gidansu bayan an gama girbi. Mun bi ta Gwarzo da Dayi da Malumfashi, gonaki dama da hagu duk an karya masara, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran wuƙa. An karɓe mu da fura mai sanyi da gaisuwa irin ta mutanen karkara. Washegari yaron da ya ɗauke ni a babur ya kama rera wata waƙar soyayya wadda ko mako guda ba ta yi da fita ba a Kano. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba, ba ta shiga intanet. Na ce masa, "Ƙanena, a ina ka samo wannan?" Ya ce, "Wajen mai caji mana, Yaya. Jiya aka tura mini."

Sai na ce ya kai ni.

Shagon rumfar kwano ce a kusa da kasuwa, da faifan sola biyu a sama da benci ɗaya a ƙofa. A ciki an kafa katako jere da soket, wayoyi sun fi hamsin kwance, kowace an manna mata lamba da salatif, mai ita ya tafi da ɗan katin da ke ɗauke da lambar. A kan teburi akwai tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi, da sifika da ba ta hutawa. Mai shagon saurayi ne da ya gama sakandare, ya ba ni kujerarsa ya buɗe mini rumbunsa. Ya kasa kayan kashi-kashi: soyayya, siyasa, bege, wa'azi, karatun Alƙur'ani, fassarar Algaita ta fina-finan Indiya, sai shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa. Wasu yakan sauko da su da tsakar dare lokacin da sabis ya fi ƙarfi, masu nauyin kuma sai ya shiga Funtuwa ya kwafo a wurin manyan masu sana'ar.

Ya san garinsa ta abin da kowa ke saurare. Samari soyayya, da bidiyon ƙwallayen da aka ci a wasan Barcelona da Real Madrid. Matan aure ba sa zuwa da kansu, yaro suke aikowa da memori a ƙunshe cikin takarda, an rubuta sunan shirin da inda aka tsaya. In kakar zaɓe ta zo, Dauda Kahutu Rarara ne ke cika wuri, shi da yake ɗan Kahutu ne a Danja, nan maƙwabta. Da damina ciniki sai a hankali, kowa kuɗinsa na taki ne da maganin feshi. Da an kai buhu kasuwa kuwa, layi ake yi.

Na tambaye shi lokacin da ya fi wahala a sana'ar, bai ko yi tunani ba ya ce 2021. A watan Satumba na shekarar ne aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Bakori da Funtuwa da Malumfashi, aka kuma hana sayar da fetur a jarka. Sai a watan Disamba sabis ya dawo. "Wata ukun nan, Yaya, waya ta koma rediyo," in ji shi. "In kana son gaida ɗan'uwanka na Legas sai ka yi tafiya ka nemo inda ake samun sabis. Janaretana ya yi shiru. Abin da mutum ke da shi a memori, shi zai ta ji har ya haddace. A lokacin na ƙudura ko me zan sayar sai na sa sola."

Muna cikin haka wani dattijo ya miƙo memori ta saman kawunan yara ya ce a cika masa da Shata. Mai shagon ya yi murmushi ya ce mini, duk sababbin nan wata biyu suke yi a daina tambayarsu, amma bai taɓa rufe shago ba tare da wani ya nemi Shata ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ban yi mamaki ba, domin wannan ƙasa tasa ce. An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa a 1923, ya yi zama a Bakori tun tauraronsa bai gama fitowa ba, sannan ya koma Funtuwa ya mai da ita gida har zuwa rasuwarsa a 1999. Mutumin da ya fara da tallan goro da alewa shi ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988. Mu a birni tarihi muke karantawa. A nan kuwa akwai waɗanda suka tsaya a gabansa ƙura na tashi. Mai shagon ya ce in ina son jin labari daga tushe, akwai wani tsohon makaɗi a bayan masallaci, in je bayan la'asar.

Na same shi a zaure a kan buzu, yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Zauna, ɗana, baƙon Kano ne ko?" Tun kafin mu shiga magana idona ya kai kan wani abu da ke rataye a ƙusa, an lulluɓe shi da buhun taki. Ƙasan buhun ya yage, tsarkiyar kalangu ta leƙo.

Kiɗa gado ne a gidansu. Ubansa ya kaɗa wa mahauta kalangu ranar kasuwa, ya kaɗa wa manoma ganga, shi ma a nan ya tashi. Da ya fara ba ni labarin gayya, sai ya ajiye fartanyar gefe.

"Mai gona zai kai goro wurin sarkin noma, a sa rana. Tun da sassafe samari sun jeru a bakin gona, kowa da kunyarsa. Ni ina baya da ganga. Kowane gwarzo da takensa, ɗana, ba a haɗa wa mutum biyu. In na ga wani ya fara ja da baya, sai in matsa kusa da shi in saki taken ubansa. Wallahi sai ka ga mutum ya zabura kamar an watsa masa wuta. 'Yan mata na gefe da ƙoren fura suna guɗa. Gonar da mutum ɗaya zai yi kwana goma a ciki, kafin azahar an tashe ta."

Na ce, "Baba, me ya kashe ta?"

Ya lissafa mini a natse, babu zafin rai. Maganin feshi ya zo, yaro ɗaya da tanki a baya ya gama abin da samari ashirin ke yi. Ƙwadago ya koma na kuɗi. Biki kuma aka fara ɗauko DJ daga Funtuwa ko Bakori da manyan sifiku, amarya na son waƙar da aka ambaci sunanta a situdiyo. Wasu malamai sun yi wa'azi a kan kiɗa, wasu abokan sana'arsa suka bari. "Duk wannan ban ji ciwo ba," in ji shi. "In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da ya karya ni dare ne."

Ya yi shiru, sannan ya ci gaba.

"Ina saurayi aka ce Shata zai yi wasa a Bakori, bikin wani attajiri. Bayan isha'i muka taka da ƙafa, mu bakwai, farin wata kamar rana. Muka tsaya har aka tashi. Na ga makaɗansa da idona, na ga yadda yake ɗaga hannu kiɗa ya faɗi, ya sauke kiɗa ya tashi. Muka juyo muna waƙa a hanya, da kiran assalatu muka shigo gari. Babu wanda uwarsa ta kasa barci. Yau wa zai bar ɗansa ya taka hanyar nan da dare?"

Ya ce ko bayan gayya ta mutu, yakan fito dandali da kalangu in wata ya yi haske, 'yan mata su yi gaɗa, samari su tsaya daga gefe, masu tallan gyaɗa da rake su samu ciniki. Da labarin masu garkuwa da mutane ya fara matsowa daga yamma, sai taron ya riƙa raguwa. Wani dare yana cikin kiɗa, wata mata ta fito da mayafi ta durƙusa a gabansa. Ta ce, "Baba, don girman Allah ka yi haƙuri. Kiɗan nan har daji ake jin sa, yana faɗa musu inda 'ya'yanmu suke." Ya ce bai ce mata komai ba. Ya saɓa kalangunsa ya shigo gida ya rataye, tun daga ranar bai sake fita da shi da dare ba.

Na rasa abin da zan ce masa. Ni da nake fita cin tsire ƙarfe goma sha ɗaya na dare a Kano, kiɗa na tashi ta ko'ina, ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ni'ima ba sai a zauren nan.

Daga cikin gida muryar Barmani Coge ke fitowa ƙasa-ƙasa, tare da ƙarar ɓarar masara. Uwargidansa ce da jikokinta. Da na shiga gaishe ta, ta nuna mini 'yar rediyo mai cin memori da ɗanta ya aiko mata daga Kaduna. Ta ce Barmani tasu ce, 'yar Funtuwa, can ta rasu a 2013, kuma a zamaninsu babu sunan da za a yi ba a kifa ƙwarya a ruwa an yi amada ba. "Yanzu ma muna taɓawa in an yi haihuwa," in ji ta, "amma da rana, kafin magariba kowa ta kama gabanta."

Da na dawo zaure na tarar Baba ya sauko da kalangun. Fatar gefe ɗaya ta tsage, ɗayan gefen ne ke da rai. Ya saƙale shi a hammata, ya matse tsarkiya, ya fara taɓawa a hankali yadda ba zai wuce ƙofar gida ba. Yatsun da na ga suna rawa wajen gyaran fartanya sai suka tsaya cak. Yara suka cika bakin zaure. Jikansa, wanda aka ce mini yana rera waƙoƙin soyayya yana ɗauka a waya, burinsa ya je Kano ya shiga situdiyo, ya tsaya yana kallon kakansa kamar yau ya fara ganinsa.

Wani magidanci mai kimanin shekara hamsin yana wucewa da buhu a kan keke, sai ya ja birki. Ya jingine keken, ya zo ya tsuguna a bakin zaure bai yi sallama ba har kiɗan ya tsaya. Sannan ya ce, "Baba, taken mahaifina ne." Ya share ido da hannun riga, ya ciro kuɗi ya ajiye a kan buzu. Rabonsa da jin sa, in ji shi, tun kafin tsohon ya rasu.

Baba ya ce mini yana riƙe da taken manoma da mahauta da 'yan dambe na garin da ƙauyukan kewaye, da yawa masu su sun riga mu gidan gaskiya. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya koya. Bai zarge su ba, sana'ar da ba ta ciyarwa ba a tilasta wa yaro ita.

Kafin mu kama hanya na koma wurin mai caji. Na tambaye shi ko a cikin dubban waƙoƙin da ke kwamfutarsa akwai kiɗan wani makaɗin Tsiga ko guda ɗaya. Ya duba, ya girgiza kai. Akwai na Kano, akwai na Legas, akwai na Indiya, na gida ne babu. Ya ce in aka gyara kalangun shi zai je da wayarsa ya ɗauka, ya riƙa tura wa mutane kyauta. Na bar abin da ya sawwaƙa na sayen fata.

Kirana ga sassan nazarin Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Bayero da ta Ahmadu Bello, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, su turo ɗalibai garuruwa irin su Tsiga tun masu abin suna da rai. Ku kuma 'yan wannan yanki da ke zaune a Kano da Kaduna da Abuja, in kun je gida da kakar bana, ku tambayi inda tsohon makaɗin garinku yake, ku zauna da shi, ku kunna waya ya kaɗa muku taken iyayenku.