Dukiyar Bakin Iyaka da Tukunyar Uwargida

Duk wanda ya san Magama ta Jibiya kafin watan Agustan 2019 ya san yadda kuɗi ke zagayawa a wurin. Manyan motoci a jere sun fuskanci Ɗan Issa da Maraɗi, 'yan canji na ƙirga naira da sefa, 'yan dako da 'yan kamasho da masu babura kowa na samun rabonsa kafin la'asar. A wannan wata ne gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma ta hana kai fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ƙofar Jibiya ba ta buɗu ba sai Afrilun 2022. Jama'a ba su gama miƙewa ba sojojin Nijar suka hamɓarar da Shugaba Bazoum a Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake datse hanya har Maris na 2024.

A waɗannan shekaru na lura da cewa gidajen da suka tsaya da ƙafafunsu, da yawansu tukunyar uwargida ce ta riƙe su. Maigida ya wuni a tasha ba ciniki, amma a cikin gida ana matsar man gyaɗa, ana toya ƙuli-ƙuli da awara, ana dama fura. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, sai dai kullum tana shigowa, kuma ba ruwanta da ko kwastan sun buɗe shinge ko sun rufe. Daga wannan 'yar riba ake zubin adashi. Idan kwasa ta zo, sai a sayi jar akuya irin ta Maraɗi, wadda aka sani da yawan haihuwar tagwaye. Akuyoyi su yi yawa, a sayar a sayi ɗan kunnen gwal a ajiye wa auren 'ya. Maza kan kira wannan "'yan dabarun mata". Ni dai a ganina jari ne na dogon zango, har ya fi na wasu alhazan tsari.

Dalilin juya kuɗi zuwa kadara a bayyane yake, kuma mutanen iyaka sun fi kowa ganinsa, tunda kuɗi biyu suke riƙewa. A tsakiyar 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ɓoye naira a akwati ya wayi gari abin da ya tara ba ya sayen rabin dalar da yake saye a da. Sefa tana ɗaure da yuro, shi ya sa wasu suka koma ajiya da ita. To amma dattawan Maraɗi ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Akwai kuma Sukuk, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 ga mai gudun riba, yana da amfani, sai dai shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari, kamar 2024, ta cinye abin da ya bayar.

Sai batun abin da ake girkawa, wanda a nan ne na fi son a tsaya. Shinkafa 'yar waje da ake shigowa da ita daga Kwatano ta Maraɗi ta sauya bakin yara a Jibiya da Katsina, har tuwon dawa ya zama kamar horo. Gidan da ya saba da ita, shi ya fi jigata da aka rufe iyaka buhu ya yi tsada. Gidan da ke sayen gero da dawa da wake da kaka, lokacin da suke arha, ya zuba a rumbu, ya shanya kuɓewa da tumatir, ya tanadi kuka da daddawa, wannan ya riga ya sayi abincin damina da farashin kaka. Kada a haɗa wannan da ɓoye hatsi don jiran ya yi tsada a kan talaka, wanda malamai suka yi hani da shi. Tanadin cin gida daban ne, kuma mai noma ya tuna da zakkarsa idan amfanin ya kai awsuƙi biyar.

Ba a rasa haɗari. 'Yan bindiga sun kore shanu da awaki ba iyaka a ƙauyukan Jibiya, sun ƙona rumbuna, gwal ma ɓarawo na ɗauka. Don haka ba a tara komai wuri guda.

Yanzu hankali ya koma kan filaye, saboda layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Mai sayen fili da wannan fata ya shirya jira na shekaru, ya kuma nemi takarda da shaidu, ya rubuta sunan mai shi na gaskiya. Sau da yawa fili da kuɗin adashin mata aka saye shi, amma sunan miji ke kan takarda. Ranar rabon gado sai a lissafa shi cikin dukiyar mamaci, matar da ta shekara goma a gaban kaskon suya ta tashi da tumunin abin da asali nata ne, shi ma ta raba da kishiya idan akwai.