Amsoshin Wasiƙunku: Rediyon Mota Mai Mantuwa

 Wani ɗan kasuwar hatsi daga Funtua ya rubuto cewa ya sayo wa Golf ɗinsa sabon rediyo, soket bai shiga ba, sai yaronsa ya ɗaure wayoyi launi da launi. Yanzu da ya kashe mota, rediyon ya mance tashoshi.

To Malam, launi ba shi ne shaida ba, don kowane kamfanin mota da nasa tsarin. A bayan yawancin rediyon kasuwa, waya ruwan ɗorawa tana son wutar batir kullum, ita ke riƙe tashoshi. Ja tana samun wuta ne sai an murɗa makulli, baƙa kuma jikin ƙarfen mota take zuwa. A motocin Volkswagen da Opel da yawa, gurbin ja da na ruwan ɗorawa a juye suke. Musanya su kawai za ka yi.

Ka samu fitilar gwaji, ka maƙala gindinta a ƙarfe, ka taɓa wayoyin motar. Wadda ta kama ba makulli, ita ce ta ruwan ɗorawa. Kafin ka ɗaura, cire kan batir mai alamar ragi. Kada ka sa zaren waya a madadin fis, da haka mota ke cin wuta. Masu manyan motoci kuma ku kula, idan naku bolt 24 ne, rediyon na 12, nan take zai ƙone.

Allah Ya kiyaye hanya, amin.