Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Kwamfuta

A cikin kowace kwamfuta akwai wani faranti mai siraran layukan jan ƙarfe waɗanda wutar lantarki ke bi. In layi ɗaya ya tsinke, na'urar na iya daina aiki.

Mu ɗauki misalin Amiga 500 Plus, wadda kamfanin Commodore ya fitar a 1991. A jikin farantinta akwai ɗan batirin agogo. Idan ya tsufa yakan yi yoyo, ruwansa ya cinye layukan. Kamfanin kuwa ya durƙushe tun 1994.

To, yaya za a yi? Masu gyara sukan kwashe kayan da ke kan tsohon farantin, su ɗauki hotonsa gaba da baya, su zana kowane layi a kwamfuta, sannan masana'anta ta buga sabo. Daga nan sai a mayar da tsofaffin ƙwaƙwalen na'urar, irin su Agnus, Denise da Paula, waɗanda tuni aka daina ƙerawa. Kuskuren layi guda yana iya ƙona su, don haka ake auna ko'ina kafin a kunna wuta.

Mai irin wannan kwamfuta ya cire batirin tun da wuri. Rigakafi ya fi magani.